Yadda Zaɓin Littafi Ya Shiga Azuzuwan Firamare a Amurka

Barin ɗan firamare ya zaɓi littafin da zai karanta a cikin aji al'ada ce da ba ta daɗe ba a makarantun Amurka. Fiye da shekara 100, littafi ɗaya ake ɗora wa kowa. Littattafan karatu na William Holmes McGuffey, waɗanda aka fara bugawa a Cincinnati ta jihar Ohio a 1836, su ne suka mamaye azuzuwa a ƙarni na 19, kuma an ƙiyasta cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 120. A 1930 kamfanin Scott Foresman ya fito da labaran wasu yara biyu, Dick da Jane, waɗanda aka rubuta da kalmomi ƙididdigaggu, ana nanata kowace kalma har ta zauna a kan yaro. Malama kan raba aji gida uku: masu ƙoƙari, da 'yan tsaka-tsaki, da na baya. Kowane rukuni ya zauna a kewaye, wannan ya karanta sakin layi ɗaya, na kusa da shi ya ɗora. Tsarin ya sauƙaƙa wa malamai aiki, amma yaron da ya iya karatu yakan zauna yana hamma, wanda bai iya ba kuma yana ta ƙirga layuka gabansa na faɗuwa, don ya gano inda za a zo kansa.

Ma'aikatan laburare sun riga malaman makaranta buɗe wannan ƙofa. A 1906 Anne Carroll Moore ta karɓi ragamar sashen yara na laburaren jama'a na birnin New York, ta kawar da dokar shekaru da ke hana ƙananan yara aron littafi. Yaro zai sa hannu a rajista, ya yi alkawarin kula da abin da ya ara, sannan ya ɗauki wanda ransa ya so.

Sai bayan yaƙin duniya na biyu ra'ayin ya sami gindin zama a aji. A 1952 Willard Olson, masanin girman yara a Jami'ar Michigan, ya bayyana cewa yaro mai lafiya da kansa yake neman abin da ya dace da shi, ya zaɓa, ya tafi daidai ƙarfinsa, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Jeannette Veatch ce ta mayar da wannan magana aikin yau da kullum, cikin littafin da ta wallafa wa malamai a 1959. A ajin da ke bin tsarinta babu littafin dole. Akwai kanta cike da littattafai iri-iri, kowane yaro ya ɗauki nasa ya zauna, malama kuma tana kiran su ɗaya bayan ɗaya zuwa teburinta na 'yan mintoci. Yaron ya karanta mata wurin da ya fi burge shi, ta yi masa tambayoyi, ta rubuta inda ya yi tuntuɓe, daga baya ta tara waɗanda matsalarsu ta zo ɗaya ta koya musu. Akwai kuma dabarar yatsu da ta yaɗu har yau: yaro ya buɗe shafi ɗaya a tsakiyar littafi, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa, in yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, ya mayar da littafin ya nemi mai sauƙi.

Tsarin bai ture littafin dole ba. Yana bukatar littattafai masu yawa, da malamin da ya san su, da juriyar bin sawun yara 30 kowa da inda ya nufa. Gwaje-gwajen da aka yi a lokacin ma sakamakonsu bai tsaya a gefe ɗaya ba.

Shekarun 1960 sun zo da abubuwa biyu da suka fi tsarin Veatch daɗewa. Na farko ya fito ne daga Margaret McNamara, matar sakataren tsaron Amurka na wancan lokaci, wadda ke koyar da wasu yara karatu a birnin Washington kyauta. Ta kawo tsofaffin littattafai ta ce kowa ya zaɓi ɗaya ya riƙe, sai ta gano cewa akwai waɗanda ba su taɓa mallakar littafi ba. A 1966 ta kafa ƙungiyar Reading Is Fundamental, wadda ta soma da makarantun firamare uku, kuma ginshiƙinta shi ne yaro ya zaɓa da hannunsa, littafin ya zama nasa. Na biyu shi ne karatun zuci, wanda Lyman Hunt na Jami'ar Vermont ya yi kira a kansa, Robert McCracken kuma ya tsara masa ƙa'idoji a 1971. Ana ware ɗan lokaci kowace rana, kowa ya yi tsit da littafin da ya zaɓa, har malamin kansa. Ba tambaya, ba rahoto, ba maki. Sharaɗin cewa malami ma ya karanta shi ne mafi hikima a cikinsu, kuma shi aka fi karyawa, domin malamai da yawa sun mayar da lokacin na duba takardun ɗalibai.

Al'adar ta ƙetare teku. A 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai suka kai littattafan labarai masu yawa ga wasu makarantun ƙauye takwas a tsibiran Fiji, inda yara ke koyon Turanci a matsayin harshe na biyu. Cikin wata takwas, ci gaban yaran a fahimtar karatu ya ninka wanda aka saba gani. A Jafan kuwa, wata makarantar 'yan mata a Funabashi ta soma karatun safe na minti 10 a 1988, daga nan ya bazu zuwa dubban makarantu, har da na firamare.

A Amurka, littafin malama Nancie Atwell na 1987 ya sake farfaɗo da zaɓi da ganawar malami da ɗalibi. A 1996 Irene Fountas da Gay Su Pinnell suka yaɗa tsarin jera littattafai mataki-mataki da haruffa. Makarantu da yawa suka zuba su a kwanduna, aka ce wa yaro kada ya wuce kwandon harafinsa, duk da cewa matan biyu sun sha faɗin cewa matakin kayan aikin malami ne, ba lamba ce da za a liƙa wa yaro ba.

Babban cikas ya zo a 2000, lokacin da kwamitin ƙasa da majalisar dokoki ta sa a kafa kan koyar da karatu ya miƙa rahotonsa. Kwamitin ya ce bai sami isasshiyar hujjar gwaji ba da ke nuna cewa karatun zuci ba tare da jagoranci ba yana ƙara ƙwarewa. Bai ce yana cutarwa ba, amma bayan dokar ilimi ta 2002 da matsin jarrabawa da ya biyo ta, makarantu da dama suka rage lokacin ko suka soke shi. Akwai masana irin su Stephen Krashen da suka soki rahoton. Sai dai a maganar kwamitin akwai gaskiyar da ba ta ɓuya: yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, in aka bar shi da littafi, shafuka kawai zai riƙa juyawa. Wannan ne ya sa masu bincike irin su Ray Reutzel suka gyara tsarin, malami ya riƙa zagayawa yana sauraron yara, yana koya musu yadda ake zaɓe.

Hujja mai ƙarfi kan amfanin zaɓi ta fito a 2010, daga binciken Richard Allington da Anne McGill-Franzen a makarantu 17 na unguwannin talakawa a jihar Florida. An bar yara 852 suka zaɓi littattafai 12 kowannensu kafin dogon hutu, shekara uku a jere, suka tafi da su gida ba tare da an ɗora musu wani aiki ba. Da yawansu labaran mawaƙa da taurarin talabijin suka ɗauka, irin waɗanda malami ba zai zaɓar musu ba. A jarrabawar karatu ta jiha sun fi takwarorinsu da ba su sami littattafan ba, kuma 'ya'yan gidajen da suka fi talauci su ne suka fi amfana.