Kakar 2009: Shekarar da Kano Pillars ta fitar da Al-Ahly

Kirarin Kano Pillars shi ne Sai Masu Gida, amma wasan da ya fi ɗaukaka sunanta a Afirka a birnin Alƙahira aka buga shi, cikin watan Mayun 2009.

An kafa ƙungiyar a 1990, sa'ad da aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Sai a 2008 ta ci gasar Najeriya karo na farko, a hannun Kadiri Ikhana, wannan kuwa ya ba ta gurbi a gasar zakarun Afirka ta shekara mai zuwa, wadda ta shiga da sabon koci, Ivo Sajh ɗan ƙasar Sulobeniya. A zagayen ƙarshe kafin rukuni ta haɗu da Al-Ahly ta Masar.

Ya kamata a tuna mece ce Al-Ahly a lokacin. Ita ke riƙe da kofin. Ta ɗauke shi a 2005 da 2006 da 2008, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2007. 'Yan wasanta irin su Muhammad Abu Trika da Wa'il Juma'a su ne ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci kofin ƙasashen Afirka a 2006 da 2008. A karon farko a Najeriya aka tashi 1-1, sakamakon da ko mai tsananin son Pillars zai ɗauka tamkar sallama ce, domin wanda ya kasa kayar da Al-Ahly a gidansa ba ya sa ran alheri a Alƙahira. Can kuma aka tashi 2-2. Jimilla 3-3 ke nan, dokar wancan zamani kuma tana fifita wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawa. Pillars ta wuce, mai riƙe da kofi ta faɗi tun kafin rukuni.

Rukunin bai gagare ta ba. Ta zo ta ɗaya a gaban Al-Hilal da Al-Merrikh na Sudan da ZESCO United ta Zambiya.

Abin takaicin ya zo a watan Oktoba, daga cikin gida. A wasan kusa da na ƙarshe ta gamu da Heartland ta Owerri, wadda ta bari a matsayi na biyu a gasar 2008. Heartland ta zura mata 4-0 a Owerri, ta biyo ta Kano ta ƙara 1-0. Nauyin wannan ɗaya da neman sai an auna shi da tarihin filin Sani Abacha: daga 2003 zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta ci Pillars a gidanta a gasar Najeriya. Ita ma Heartland dokar ƙwallon waje ce ta hana ta kofin, a hannun TP Mazembe ta Kwango.

Mutane da yawa suna kallon 2009 a matsayin somin-taɓi, alhali ƙololuwa ce. Pillars ta ci gasar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, amma ba ta sake shiga rukunin gasar zakarun Afirka ba. AC Léopards da AS Vita da Moghreb Tétouan duk sun tsayar da ita tun daga zaure. Dalilin da ya fi ƙarfi yana cikin tsarin mallaka. Ƙungiyar gwamnatin jiha ce, shugabanninta naɗi ne, kuɗinta kuma yana jiran sa hannun masu mulki, don haka riƙe koci ko ɗan wasa na shekaru yakan yi wuya. A gasar gida cikar fili da tsoron zuwa Kano suna rufe wannan giɓi, a Afirka kuwa rabin aikin a gidan wani ake yin sa.

A 2022 Pillars ta faɗa rukuni na biyu na gasar Najeriya, ta dawo a 2023.