Aljanun Loudun: limamin da aka ƙone bisa shaidar Shaiɗan

A ranar 18 ga watan Agusta na shekara ta 1634, dubban mutane suka cika dandalin Sainte-Croix na garin Loudun, a yammacin ƙasar Faransa, domin su ga yadda za a ƙone limamin cocin Saint-Pierre da ransa. Sunansa Urbain Grandier, yana da shekara 44 a duniya. Laifin da aka ɗora masa shi ne sihiri: wai ya ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan, ya tura aljanu cikin jikin matan wani gidan zuhudu. Manyan shaidun da alƙalai suka dogara da su kuwa su ne aljanun da kansu, waɗanda aka ce suna magana ta bakin matan.

A wancan zamani Loudun gari ne mai ganuwa, wanda Katolika da Furotesta suke zaune cikinsa, kowa na zargin kowa. Bayan faɗuwar birnin La Rochelle a 1628, Richelieu, wazirin sarki Louis na 13, ya ɗauki aniyar rushe ganuwar garuruwan da Furotesta za su iya fakewa a ciki. Grandier na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan kada a rushe ta Loudun. Sannan a 1632 annoba ta faɗa wa garin, ta kashe wajen mutum 3.700 daga cikin kimanin 14.000. Matan gidan zuhudu suka rufe ƙofarsu wata da watanni, ba shiga ba fita, sai labarin mutuwa da ke iske su ta taga.

Gidan na ƙungiyar Ursulines ne, masu aikin karantar da ƴan mata. An buɗe shi a 1626, da mata da ba su kai ashirin ba, galibinsu ƴaƴan manyan gidaje da dukiya ta ƙare musu. Sun yi alwashin ba aure, ba dukiya, sai biyayya, kuma da ɗan kuɗin da iyayen ɗalibai ke biya suke ci. Shugabarsu, Jeanne des Anges, ta hau kujerar a 1627 tana da shekara 25. Mace ce gajera, mai ɗan doro, mai kaifin basira da son a san da ita.

Shi kuma Grandier, wanda ya zo garin a 1617, kowa ya san shi da iya wa'azi, da girman kai, da neman mata. Duk gari ya ɗauka shi ya yi wa ɗiyar amininsa Louis Trincant ciki, alhali Trincant shi ne mai gabatar da ƙara na sarki a Loudun. Ya kuma rubuta wani ɗan littafi yana kare haƙƙin limamai na yin aure, saboda wata mai suna Madeleine de Brou. A 1630 bishop na Poitiers ya dakatar da shi, amma ya ɗaukaka ƙara ya ci, ya komo gari yana taƙama. Tun daga nan maƙiyansa suka haɗa kai suna jiran rana.

Cikin 1632 limamin da matan ke furta zunubansu a gabansa, tsoho Moussaut, ya rasu. Jeanne ta aika wa Grandier ya maye gurbinsa. Ba ta taɓa ganinsa ba, labarinsa kawai take ji. Ya ƙi. Aka ba Jean Mignon, ɗan uwan Trincant, wanda ke cikin manyan maƙiyansa. A watan Satumba matan suka fara cewa suna ganin fatalwar Moussaut da dare. Ba a daɗe ba fatalwar ta sake kama, ta zama wani limami mai rai da ke zuwa yana kiransu zuwa ga alfasha. Suka shiga faɗuwa, suna birgima, suna zagin Allah, suna furta kalmomin batsa da ba a san inda suka koye su ba. Mignon ya fara addu'ar korar aljanu, ya tambayi aljanin wa ya turo shi, kuma a watan Oktoba sunan Grandier ya fito daga bakin Jeanne. An lissafa aljanu bakwai a jikinta ita kaɗai, ciki har da Asmodée, Léviathan da Béhémoth.

Tun farko akwai masu shakka. Alƙalin gari, Guillaume de Cerisay, ya lura cewa aljanun na yin kuskuren nahawu cikin Latinanci, irin na wanda bai yi nisa a karatu ba. A watan Disamba babban bishop na Bordeaux ya aiko likitansa, ya kuma ba da umurni a raba matan, a hana Mignon shi kaɗai kusantarsu. Nan da nan aljanu suka yi shiru. Sai dai gidan ya shiga uku, domin iyaye sun kwashe ƴaƴansu, talauci ya ƙaru, mutanen gari na yi wa matan kallon maƙaryata.

Da nan maganar ta mutu, in ba don siyasa ba. A 1633 Laubardemont, wakilin sarki, ya zo Loudun domin aikin rushe ganuwa. Yana da dangantaka da Jeanne, kuma maƙiyan Grandier suka cika masa kunne, har suka jingina wa limamin wata takardar cin mutuncin Richelieu. Ya koma Paris, ya dawo da cikakken iko na yin shari'a ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba. A watan Disamba aka kama Grandier, aljanu kuma suka farka.

Daga nan korar aljanu ta fita daga ɗaka ta koma cikin coci-coci, a gaban jama'a. Baƙi suka riƙa zuwa daga nesa, har daga Ingila, masauki ya yi wuya a gari. Masu addu'ar suka kafa wata ƙa'ida da ta yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a: wai aljani, idan aka tilasta shi da sunan Allah, dole ya faɗi gaskiya. Ta haka wanda cocin kanta ke kira uban ƙarya ya zama shaidan da ba a musa masa. Aka kawo wata takarda da aka ce ita ce yarjejeniyar, ɗauke da sa hannun aljanu. Aka aske Grandier, wani likitan fiɗa mai suna Mannoury ya bi jikinsa da allura yana neman tambarin Shaiɗan. A watan Yuni na 1634 aka haɗa shi da matan a cikin coci, suka yi kansa da ihu kamar za su yayyaga shi.

Wasu daga cikin matan sun yi ƙoƙarin ja da baya. Sista Claire ta faɗa a bainar jama'a, tana kuka, cewa abin da ta faɗa ƙarya ne. Jeanne da kanta ta fito tsakar gida da igiya a wuya, ta tsaya cikin ruwan sama tana cewa ta zalunci marar laifi, har ta nemi rataye kanta. Aka amsa cewa wannan ma dabarar Shaiɗan ce domin ya ceci bawansa. Wato idan sun zarge shi gaskiya ce, idan sun wanke shi kuma aljani ne. Laubardemont ya sa tarar kuɗi mai nauyi a kan duk wanda ya kushe matan ko masu addu'ar. Wani likita a garin Saumur, Marc Duncan, ya yi ƙarfin halin rubutawa a wannan shekara cewa ciwon zuciya da kaɗaici sun isa su bayyana abin da ake gani, amma ba a saurare shi ba.

Ranar hukunci aka matse ƙafafun Grandier tsakanin katakai har ƙasusuwan suka farfashe, domin ya amsa laifi ya kuma ambaci abokan sihirinsa. Ya amsa cewa ya yi zunubin jiki, ya roƙi gafara a kansa. Sihiri kuwa ya ƙi amsawa har wuta ta ci shi, kuma bai ambaci sunan kowa ba.

Mutuwarsa ba ta kori aljanun ba, an ci gaba da addu'o'i har 1637. Lactance, ɗaya daga cikin masu korar aljanun, ya mutu cikin firgita wata guda bayan ƙunar. Tranquille ya bi shi a 1638, hankalinsa a gushe. Jean-Joseph Surin, malami mai gaskiyar niyya da aka aiko a ƙarshen 1634 domin ya kula da Jeanne, ya faɗa cikin taɓin hankali na kusan shekara ashirin. Ita kuwa Jeanne ta zama abin girmamawa. A 1638 ta zagaya Faransa tana nuna hannunta na hagu, inda aka ce sunaye masu tsarki sun bayyana da kansu, har Richelieu da sarauniya Anne suka karɓe ta. Gidan da ya rasa abin ci ya cika da kyaututtuka. Ta rasu a 1665, wasu na ɗaukarta waliyyiya.

Amma ta bar tarihin rayuwarta a rubuce, wanda wasu almajiran likita Charcot biyu suka buga a 1886. A ciki ta yarda cewa aljanun na aiki ne bisa abin da zuciyarta ke karkata gare shi, kuma sau da yawa da yardarta. Masanin tarihi Michel de Certeau, wanda ya sake nazarin takardun shari'ar a littafinsa na 1970, ya kalli lamarin a matsayin dandalin da wata al'umma mai cike da tsoro ta fito da abin da ba ta iya faɗa da bakinta. Matan da aka kulle sun sami hanyar furta sha'awa da fushi ba tare da an kama su da laifi ba. Trincant ya rama, Mignon ya yi nasara, Richelieu ya kawar da mai yi masa tsaurin kai.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Zunuban Grandier na gaske ne, kuma su suka sa ya rasa masu tsaya masa a ranar da aka ɗora masa wanda bai aikata ba. Sai a 1682, shekara 48 bayan ƙunarsa, sarki Louis na 14 ya kafa dokar da ta mayar da da'awar sihiri zamba da yaudara, abin da ya kusan kawo ƙarshen irin wannan shari'a a Faransa.