Diban Gwamna: Wa Ke Tunawa da Leburorin Kuza?

Mai karatu, in kai ma'abocin tsofaffin finafinan Turawa ne, ƙila ka kalli The Bridge on the River Kwai na 1957, wanda David Lean ya ba da umarni. Labari ne na fursunonin da sojojin Japan suka tilasta wa shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Tailan zuwa Bama. A 1998 Ostareliya ta buɗe gidan tarihi a Hellfire Pass, inda aka sa mutanen fasa dutse da hannu, don tunawa da waɗanda suka mutu.

To, a daidai shekarun nan mu ma an yi mana namu, kuma yaƙin ɗaya ne. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Aka yanka wa larduna adadi, En'e ta ɗora wa hakimai, hakimai suka ɗora wa dagatai. Ka dai san ba ɗan mai gari za a fara rubutawa ba. Talakawa suka raɗa wa abin suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi mutum kimanin 100,000, kowane rukuni wata huɗu.

Ka ƙaddara manomi ne da ya saba da zafi irin namu na Birniwa, aka sauke shi cikin hunturun Filato, ba suturar kirki, abinci ba ya isa. Sanyi da ciwon huhu suka yi ta kwasar mutane, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. Da yawa gudu suka yi, suka nufi gida a ƙafa.

Abin da ke ci mani rai shi ne, a wuraren haƙar kuza aka fara tono kawunan yumɓu na Nok, kuma a 1952 Bernard Fagg ya sama masu gidan tarihi a Jos. Yumɓu ya samu mazauni, amma ina allon da ke ɗauke da sunayen leburorin Tenti? Mai son labarin sai ya nemi littafin Bill Freund na 1981, shi ma da Turanci.

Furodusoshinmu kuwa, kullum kukansu babu labari. Ga shi nan, da rabuwar ango da amarya, da zalunci, da gudu cikin dare. Sai dai a hanzarta da kyamara, domin saurayin da aka ɗauka yana ɗan shekara 18 a 1942, in yana raye, yau ya haura 100.