Limbe: garin bakin teku a gindin tsaunin Kamaru

Garin Limbe yana jihar Kudu maso Yammacin Kamaru, ɗaya daga cikin jihohi biyu na ƙasar da ake magana da Ingilishi, kuma shi ne hedkwatar gundumar Fako. Tazarar da ke tsakaninsa da birnin Douala ba ta wuce kilomita 70 ba, abin da ya sa a ranakun Asabar da Lahadi ma'aikata da 'yan kasuwar birnin kan kwarara can tare da iyalansu domin su yi wanka a teku, su ci gasasshen kifi, su kuma huta da cunkoso da zafin Douala.

Garin ya kafu ne a bakin wani lungu da teku ya kutsa cikin tudu, wanda ake kira Ambas. Tsaunuka sun yi masa ƙawanya ta baya, 'yan tsibirai kuma sun tare masa gaba, saboda haka igiyar ruwan tekun Atlantika takan iso gaɓa ne bayan ƙarfinta ya karye. Idan gari ya washe, mutum na iya hango tsibirin Bioko na ƙasar Equatorial Guinea daga bakin ruwan. Wannan kwanciyar ruwa ita ce ta jawo kusan duk wanda ya taɓa sauka a wurin, tun daga masu fataucin bayi da 'yan mishan har zuwa kamfanonin mai.

Asalin garin

Wani ɗan mishan na ɗariƙar Baptis daga Ingila mai suna Alfred Saker ne ya kafa garin a shekarar 1858. A wannan shekara ce mahukuntan Spain suka hana mabiya ɗariƙar gudanar da ibada a tsibirin Fernando Po, wato Bioko na yanzu, sai Saker ya ƙetaro da jama'arsa, waɗanda da yawansu 'yantattun bayi ne da zuriyarsu. Ya sayi fili daga hannun Sarki William na Bimbia, ya raɗa wa sabon matsugunin sunan sarauniyar Ingila, Victoria. Ita kanta Bimbia, wadda ke 'yar tazara gabas da garin, tsohuwar tashar lodin bayi ce, kuma har yanzu ana iya ganin kufan gine-ginen da aka riƙa tsare mutane a ciki kafin a zuba su a jirgi.

A 1887 Ingila ta miƙa Victoria ga Jamus. Jamusawa ba su ɓata lokaci ba: ƙasar da ke gindin tsaunin tana da albarka ƙwarai, sai suka ƙwace filayen 'yan ƙabilar Bakweri suka mayar da su manyan gonakin koko da roba da kwakwar manja da ayaba. Bayan yaƙin duniya na farko yankin ya koma hannun Ingila, wadda ta riƙa mulkinsa a haɗe da Nijeriya. A 1947 aka tattara tsofaffin gonakin a ƙarƙashin hukumar raya Kamaru ta CDC, wadda hedkwatarta ke unguwar Bota a cikin garin. Batun filayen Bakweri kuwa bai mutu ba har yau.

A ƙuri'ar raba gardamar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya a watan Fabrairun 1961, arewacin yankin da Ingila ke riƙo, inda garuruwa irin su Mubi da Gwoza da Dikwa suke, ya zaɓi zama cikin Nijeriya, yayin da kudanci, har da Victoria, ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru. A 1982 gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta sauya sunan garin zuwa Limbe, sunan ƙoramar da ta ratsa shi.

Baƙin yashi

Abu na farko da kan ba baƙo mamaki shi ne launin rairayin bakin tekun. Baƙi ne, a wasu wuraren kamar garin gawayi, domin kuwa burbushin duwatsun da tsaunin Kamaru ya amayar ne tun shekaru aru-aru. Tsaunin, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, shi ne mafi tsawo a wannan ɓangare na Afirka, kuma har yanzu yana da rai. A aman da ya fara a watan Maris na 1999, narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar motar da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau a kusa da ƙauyen Bakingili, ya tsaya saura ƙiris ya faɗa teku. Sai da aka karkatar da hanyar ta kewaye shi. Tulin baƙin dutsen yana nan, masu ziyara kan hau kansa su ɗauki hoto. Tsaunin ya sake yin aman a shekara ta 2000.

Baƙin yashi yana riƙe zafi, don haka da tsakar rana tafiya a kansa ba takalmi sai mai ƙarfin hali.

Inda ake iyo da inda ba a yi

Gaɓar da ta fi suna a tsakiyar gari ita ce Down Beach, amma ba nan ne wurin wanka ba. Mashigar masunta ce, cike da kwalekwale da taru, ga kuma dattin da magudanan gari ke kwararowa da shi. Darajarta da yamma take, lokacin da mata ke jera murhunan gawayi a bakin ruwa. Mai saye ya zaɓi kifinsa ɗanye, a yi ciniki, a gasa masa a gabansa, a haɗa masa da barkono da soyayyar agada ko kuma miondo, wato ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye a dafa. Akwai jatan lande da ƙaguwa ga mai so. Masu tsire ma ba a bar su a baya ba, sai dai a can soya ake ce masa.

Masu son iyo sukan bi hanyar yamma ne, inda ake kiran wuraren wanka da lissafin mil daga gari, al'adar da aka gada daga zamanin Ingila a ƙasar da sauran sassanta ke ƙidaya da kilomita. Akwai Mil 6, da Mil 8 a wajen Batoke, sai kuma Mil 11 inda gaɓar Seme take. A Seme wani ruwan sanyi mai daɗi yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin tsaunin ya malala cikin teku, wanda ya fito daga ruwan gishiri sai ya faɗa ciki ya ɗauraye jikinsa. Galibin waɗannan wurare na otal-otal ne ko kuma ana karɓar kuɗin shiga.

Sai dai akwai abin lura. Gwargwadon yadda mutum ya nisanta daga lungun Ambas zuwa yamma, gwargwadon yadda kariyar tsibiran ke raguwa, igiyar ruwa kuma ta ƙara ƙarfi. Ba kowace gaɓa ce ke da masu ceto ba. Wanda ya koyi iyo a kogi ko tafki bai kamata ya ɗauka teku ma haka yake ba, domin ruwan da ke komawa baya yana iya janye ƙafar babban mutum yana tsaye.

Tattaki

Ga wanda ruwa bai dame shi ba, lambun itatuwan Limbe kaɗai ya isa dalilin zuwa. Jamusawa ne suka kafa shi a 1892 a ƙarƙashin masanin tsirrai Paul Preuss, ba don shaƙatawa ba, sai don gwada irin shuke-shuken da za su yi riba a gonakinsu. Yana cikin tsofaffin lambuna irinsa a Afirka. Bayan ya daɗe a yashe, an farfaɗo da shi daga 1988 da tallafin Birtaniya. Ƙoramar Limbe ta ratsa ta cikinsa, akwai inuwar manyan itatuwan kurmi, da wani dandali mai matakala da ake kira Jungle Village inda ake wasanni da bukukuwa, da kuma kaburburan sojojin da suka mutu a yaƙin duniya.

Dab da lambun akwai cibiyar kula da namun daji da aka buɗe a 1993 a harabar tsohon gidan zu, da haɗin gwiwar gwamnati da ƙungiyar Pandrillus. Yawancin dabbobin da ke ciki, gwaggon biri da sauran manyan birai da aku, an ƙwato su ne daga hannun mafarauta da masu fasa-ƙwauri bayan an kashe iyayensu. Masu ƙarfin gwiwa kuma kan ɗauki ɗan jagora su hau tsaunin Etinde, wanda ake wa laƙabi da ƙaramin tsaunin Kamaru, tafiyar yini guda cikin kurmi mai santsi.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daminar yankin ba irin wadda aka sani a ƙasar Hausa ba ce. A ƙauyen Debundscha da ke kan wannan gaɓa, ruwan saman da ke sauka a shekara yakan kai milimita 10,000, abin da ya sa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwa a duniya. A watan Yunin 2001 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun hallaka mutane a unguwannin Limbe da ke kan gangare.

Mai da tsaro

Limbe ba garin hutu kaɗai ba ne. A cikin lungun akan ga dakalan haƙar mai na teku a girke suna jiran gyara, a yamma da gari kuma akwai matatar SONARA, wadda aka buɗe a 1981, ita kaɗai ce ƙasar ke da ita. Gobarar da ta tashi a cikinta a ƙarshen watan Mayun 2019 ta lalata wani babban sashe ta kuma tsayar da aikin tace mai. Sauƙin sauka a gaɓar ma yana da nasa haɗarin: a watan Satumban 2008 wasu 'yan bindiga sun iso cikin dare a jiragen ruwa masu gudu, suka fasa bankuna suka koma ta teku.

Babbar matsalar ita ce rikicin yankin masu magana da Ingilishi, wanda ya faro da zanga-zangar lauyoyi da malaman makaranta a 2016 ya rikiɗe ya zama faɗa da makamai a 2017. Sunan Ambazoniya da 'yan aware suka ba ƙasar da suke neman kafawa, daga sunan wannan lungu na Ambas aka samo shi. Rikicin ya ci rayukan mutane fiye da 6,000, dubban wasu kuma sun yi gudun hijira zuwa jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba a Nijeriya. Limbe ya fi yawancin garuruwan jihar kwanciyar hankali, har ma ya karɓi wasannin cin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka a watan Janairun 2022. A filin wasan garin ne alƙalin wasa Janny Sikazwe na Zambiya ya busa tashi tun kafin cikar minti 90 a karawar Mali da Tunisiya.

Duk da haka yawan baƙi daga ƙasashen waje ya ragu tun ɓarkewar rikicin. Hanyar da ta taso daga Douala tana ƙetare gadar kogin Mungo, tsohuwar iyaka tsakanin yankin Faransa da na Ingila, ta bi ta Tiko da mararrabar Mutengene, kuma akwai shingayen bincike a kanta, don haka dole matafiyi ya riƙe takardunsa a hannu. Mazauna yankin kan shawarci baƙo ya yi tafiyar da rana, ya kuma kauce wa ranar Litinin, wadda 'yan aware suka ayyana a matsayin ranar zaman gida tun 2017.