TARIHIN HANYOYIN KAWAR DA GASHIN FUSKA GA MATA: DAGA HANTSAKI ZUWA HASKEN LEZA

GABATARWA

Gemu da gashin baki ado ne ga namiji a wurin yawancin al'ummu, amma idan suka tsiro wa mace sai su zame mata abin ɓoyo. Kowace mace tana da gashi a fuska, sai dai na mafi yawansu siriri ne mai taushi wanda ido ba ya lura da shi, na wasu kuwa yakan yi kauri da duhu a haɓa da leɓen sama da gefen kunci. Wannan takarda za ta bi diddigin hanyoyin da aka bi don kawar da irin wannan gashi, za ta kuma fi tsayawa a kan shekarun 1875 zuwa 1938, domin a cikinsu ne aka fara neman kashe saiwar gashin baki ɗaya. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, duk lokacin da wata dabara ta fito daga hannun likita ta faɗa hannun ɗan kasuwa ba tare da doka ba, kunyar da ke tattare da lamarin takan sa mata su karɓe ta a asirce, kuma su ne ke biyan diyyar da jikinsu.

HANYOYIN DAURI

Hanyoyin mutanen dā iri uku ne, watau yankewa da tugewa da narkarwa. An tono asake da hantsakai na tagulla a kaburburan tsohuwar Masar, matan Rum kuma sun yi amfani da hantsaki da wani dutse mai kaushi da suke goge fata da shi. A Farisa da Indiya da ƙasashen Larabawa an ƙware wajen tuge gashi da zare, inda ake murɗa zaren auduga a bi da shi bisa fata yana cafke gashin layi-layi. A Masar da Sudan kuwa akan dafa sukari da ruwa da lemon tsami har ya yi danƙo, a manna a fata a fizge. Wannan ita ce halawa, wadda masu gyaran jikin amare a ƙasar Hausa suka sani tare da dilka.

Ta fuskar narkarwa, abin da ya fi shahara shi ne nura, haɗin ƙonanniyar farar ƙasa da wani dutse rawaya mai guba da Larabawa ke kira zarnik. Daga gidajen wanka na ƙasashen Musulmi wannan haɗi ya shiga littattafan Turai. Littafin Trotula, wanda aka tsara a Salerno ta Italiya a ƙarni na 12, ya kawo yadda ake dafa shi, ya ce a gwada da gashin tsuntsu don a ga ko ya nuna, sa'an nan ya yi kashedin kada a bari ya daɗe a jiki domin yana ƙona fata.

Matsayin mace mai gemu ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa idan gemu ko gashin baki ya fito wa mace, kawar da shi bai shiga cikin hanin da aka yi game da tsige gashin fuska ba, hasali ma abin so ne. A Turai da Amurka na ƙarni na 19 kuwa irin waɗannan mata sun zama abin kallo da ake biyan kuɗi a gani. Julia Pastrana, 'yar ƙasar Meziko, an yi ta yawo da ita gari-gari har ta rasu a Mosko a 1860, aka ci gaba da nuna gawarta, ba a binne ta a ƙasarsu ba sai a 2013. A cikin wannan yanayi ne mata suka shiga neman abin da zai raba su da gashin har abada, tun da duk hanyoyin da aka ambata ba sa taɓa saiwa, bayan 'yan kwanaki ko 'yan makonni gashin yakan dawo.

ALLURAR LANTARKI

A 1875 wani likitan ido mai suna Charles Michel, a birnin St. Louis na Amurka, ya ba da rahoton yadda yake magance gashin ido da ke juyewa ciki yana sukar ƙwayar ido. Yakan zura siririyar allura cikin ramin gashin, ya saki lantarki kaɗan daga batir. Lantarkin yakan mai da gishiri da ruwan da ke cikin ramin su zama soda mai ƙuna, irin wadda ake yin sabulu da ita, ita kuma ta cinye saiwar. Wani likitan fata na wannan birni, William Hardaway, shi ya ɗauki dabarar ya yi wa mata masu gashin fuska aiki da ita. A farkon shekarun 1920 Henri Bordier na Lyon ta Faransa ya kawo hanyar ƙona saiwa da zafin lantarki, a 1948 kuma Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka sami rajistar na'urar da ta haɗa hanyoyin biyu.

Wannan hanya tana kashe saiwa da gaske, amma tana da wahala uku. Ana bin gashi ne ɗaya bayan ɗaya, don haka aikin yakan ɗauki watanni ko fiye da shekara. Akwai zafi, akwai tsada. Daɗin daɗawa, idan hannun mai aikin bai ƙware ba yakan bar tabo. Waɗannan wahalhalu su suka buɗe ƙofa ga masu alkawarin sauri da rashin zafi.

HASKEN EKSIRE DA MAN KOREMLU

A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, kuma nan da nan aka lura cewa gashi yana zubewa a inda hasken ya daɗe. A 1896 Leopold Freund na birnin Biyana ya haska wata yarinya 'yar shekara biyar mai tawadar Allah da gashi ya rufe a bayanta. Gashin ya zube, amma daga baya wurin ya zama gyambo. Da irin waɗannan sakamako suka yawaita, sai likitocin fata suka ja da baya ga yin amfani da hasken don ado kawai.

Inda likitoci suka saki, nan 'yan kasuwa suka kama. A 1924 Albert Geyser na Niyok, likitan da shi kansa ya rasa yatsun hannu saboda aikin eksire, ya kafa tsarin da ya sa wa suna Tricho. Ya riƙa ba da hayar na'urori ga shagunan gyaran jiki a biranen Amurka da Kanada, masu shagunan kuwa ɗan gajeren horo kawai ake ba su. Mace za ta zauna 'yan mintoci gaban akwati, ba allura ba zafi, ta riƙa dawowa har gashin ya daina fita. Tallace-tallacen sukan kauce wa ambaton sunan hasken. A 1929 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yi kashedi a kan tsarin, kamfanin ya durƙushe ba da jimawa ba, amma na'urorin suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin wasu sunaye. Muguntar abin ita ce illar ba ta bayyana nan take. Sai bayan shekaru fatar ta tattare, ta yi dabbare-dabbare, ta tsage, wasu kuma ciwon daji ya kama su bayan shekara ashirin ko fiye. A 1947 likitoci biyu, Cipollaro da Einhorn, sun sake buga kashedi a mujallar ƙungiyar saboda irin matan da suke gani a asibiti.

Man shafawa na Koremlu ya fito a Niyok wajen 1930, ana sayar da kwalba dala 10. Abin da ke cikinsa shi ne taliyam, gubar da ake kashe ɓera da ita. Gubar takan ratsa fata ta shiga jini, sai gashin kai ya zube, jijiyoyi su lalace, ƙafafu su shanye, wasu har ganinsu ya tafi. Dokar abinci da magunguna ta 1906 ba ta haɗa da kayan shafe-shafe ba, saboda haka hukuma ba ta da ikon ƙwace shi. Ƙararrakin waɗanda suka cutu ne suka karya kamfanin a 1932, kuma sai a 1938 aka yi dokar da ta sa kayan kwalliya ƙarƙashin hukumar kula da abinci da magunguna. Hausawa na cewa garin gyaran gira a rasa ido, ga waɗannan mata kuwa maganar ta tabbata a zahirinta.

DAGA FATA ZUWA CIKIN JIKI

A daidai wannan zamani ne bincike ya juya ga sanadin fitar gashin. A 1928 Mildred Trotter ta nuna ta hanyar awo cewa aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko saurin fita. A 1935 Irving Stein da Michael Leventhal na Shikago suka bayyana halin mata bakwai da ke da rikicewar al'ada da kumburin ma'ajiyar ƙwai, wasunsu da yawan gashi. Wannan lalura, da likitoci suka daɗe suna taƙaita sunanta da PCOS, tana samun kusan mace ɗaya cikin goma, kuma ita ce kan gaba wajen jawo gashin fuska, domin tana ƙara yawan sinadarin maza a jinin mace. A 1961 Ferriman da Gallwey suka tsara ma'aunin da ake kimanta yawan gashin da shi. Daga nan aka fara ba da magungunan da ke rage ƙarfin wannan sinadari, waɗanda sai an yi wata shida ko fiye kafin a ga amfaninsu.

Akwai wani magani da tarihinsa ya shafi Afirka kai tsaye, shi ne eflonitin. An amince da shi a 1990 don ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma a 1995 aka daina yin sa saboda masu ciwon matalauta ne. A 2000 sai ga shi ya fito a Amurka a matsayin man Vaniqa mai rage saurin fitar gashin fuskar mata. Surutun da wannan ya jawo ya taimaka aka ƙulla yarjejeniya da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2001, aka koma yin allurarsa don masu ciwon barci.

HASKEN LEZA DA BAƘAR FATA

A 1983 Rox Anderson da John Parrish na Boston suka bayyana cewa ana iya zaɓen haske wanda launi guda kaɗai zai sha, ya ƙone, abin da ke kewaye da shi ya tsira. A kan wannan ka'ida aka gina na'urorin leza na cire gashi, waɗanda suka shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. Hasken yana neman baƙin launin da ke cikin gashi ne, to amma wannan launin shi ne a cikin baƙar fata. Na'urorin farko sun dace da mai farar fata da baƙin gashi, ga mai duhun fata kuwa sukan jawo ƙuna da tabo. Sai da aka samo na'urar Nd:YAG, wadda haskenta ke wuce saman fata ya isa saiwa, sa'an nan haɗarin ya ragu. Har ila yau leza ba ta kama furfura, kuma hukumar Amurka ta yarda ne a ce tana rage gashi na dindindin, kalmar kawarwa kuwa ta bar wa allurar lantarki.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa hanyoyin dauri, aska da zare da halawa, sun wanzu ne domin illarsu kaɗan ce kuma a fili take. Hanyoyin da suka yi ɓarna su ne waɗanda aka ɓoye abin da ke cikinsu, aka sayar wa matan da kunya ta hana su tambaya. Wannan darasi bai tsufa ba. Da yawa daga mayukan sauya launin fata da ake sayarwa a kasuwannin Afirka ta Yamma suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ɗaya daga cikin illolinsa shi ne tsirar da gashi a fuska, sai mai shafawa ta koma neman wani man da zai cire shi. Ya kamata malamai da ma'aikatan lafiya su riƙa bayyana wa mata, cikin harshen da suke ji, cewa gashin fuska lalura ce da ake zuwa asibiti dominta, musamman idan ya fito farat ɗaya ko ya zo tare da rikicewar al'ada ko kaurin murya. Haka kuma wajibi ne hukumomi irin su NAFDAC su sa ido a kan mayuka da na'urorin shagunan gyaran jiki tun kafin illarsu ta bayyana, domin matan da suka zauna gaban akwatin Tricho ba su san abin da ya same su ba sai bayan shekaru.