Sanda, Kwamfuta da Guguwar Hamburg

Tun farkon tarihin jirgin sama, hannun matuƙi ne ke jan igiyoyin ƙarfe da ke motsa sassan fiffike. A 1972 hukumar NASA ta Amurka ta gwada jirgin F-8 wanda kwamfuta ke isar da umarnin matuƙinsa ta wayar lantarki. A 1988 Airbus A320 ya fara ɗaukar fasinja da wannan tsari. A cikinsa, idan matuƙi ya karkata sanda, saurin kishingiɗar jirgin yake nema, kwamfuta ce ke yanke yadda fiffike zai motsa.

Abin da ya ja ni ga wannan tarihi shi ne bidiyon ranar 1 ga Maris, 2008. Guguwar Emma na kaɗawa a Jamus sa'ad da wani A320 na kamfanin Lufthansa, ɗauke da fasinja 132 daga Munich, ya nufi titin sauka a Hamburg. Mataimakiyar kyaftin ce ke tuƙi, shekarunta 24, kusan sa'ata a yau.

Mai sauka cikin iskar gefe yakan karkata hancin jirgi wajen iskar, sai dab da ƙasa ya miƙe shi, yana danne fiffiken da iskar ke bugu. A Hamburg iska ta ɗaga fiffiken dama, tayoyin hagu suka taɓa titi, bakin fiffiken hagu ya goge ƙasa. Kyaftin ya karɓi tuƙi, ya sake tashi, suka sauka lafiya a wani titin.

Rahoton masu binciken Jamus na 2010 ya nuna cewa da tayoyin suka taɓa ƙasa, kwamfuta ta ɗauka an sauka, ta koma tsarin tafiyar ƙasa, ta rage motsin sassan fiffike da kusan rabi. Matuƙan sun kai sanda iyaka, amma jirgin bai amsa da cikakken ƙarfi ba, kuma littafinsu bai fayyace wannan hali ba.

Ban ga dalilin la'antar kwamfuta ba, domin ta kare jirage masu yawa daga kuskuren hannu. Sai dai na fahimci cewa tun 1988 horon matuƙi ya ƙaru: bayan sanin halin iska, wajibi ne ya san lokacin da na'urarsa ke sauya doka.