Ungozoma Biyu a Gidimuni

In ka bar Zinder ka miƙe gabas kan kwaltar Gure, bayan tafiyar kusan kilomita 70 sai rairayi ya buɗe maka wani kwari mai ruwa, dabino da rake da lambuna sun kewaye shi. Gidimuni ke nan. A nan, kamar ko'ina a ƙasar Damagaram, in aka ce a kira ungozoma, mata biyu ake iya nufi: tsohuwar unguwa mai goro a bakin zane, ko ma'aikaciyar likita mai farar riga da ake ce wa sajfam. Sunan ɗaya ne, amma aikin ya sha bamban, domin ta farko aikinta yana farawa ne bayan an haihu, ta biyu kuwa tun ciki yana wata uku take son ganin mai shi.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram har zuwa 1884, ba a san wani ya karɓi haihuwa ba. Mace ita kaɗai take naƙuda a ɗaki, a durƙushe, shi ya sa har yau ake cewa wance tana kan gwiwa. Raki abin gori ne da zai bi ta har tsufa. Mai cikin fari kuwa ko sunan cikin ba ta faɗa saboda kunya, sai dai in wata bakwai ya cika a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki. Sai an ji kukan jariri ake tura yaro da gudu ya kira ungozoma. Ita za ta yanke cibi da aska ko ɓawon kara, ta haƙa rami bayan ɗaki ta binne mabiya, ta wanke jinjiri, ta riƙa gasa masa cibi da ɗumin kasko har ya faɗi. Ita ce kan wankan jego safe da yamma, ruwa na tafasa tana fyaɗa wa mai jego shi da ganye, ga kunun kanwa da zafinsa. Kanwar ma ba daga nesa take zuwa ba, Muniyo da Manga suna nan gabas kaɗan. Ranar suna a ba ta kasonta na naman rago, da hatsi da goro.

Inda abin yake ɓaci shi ne doguwar naƙuda. In kwana ya zagayo ba a sauka ba, sai a nemo rubutu wurin malam, a jiƙa saiwoyi, in abin ya ƙi a yi yankan gishiri, wato a tsaga gaban mace da aska wai a buɗe hanya. Wasu sun tsira, wasu jini ya tafi da su, wasu suka tashi da yoyon fitsari. Jarirai kuma da yawa sun mutu cikin kwanakin farko, baki a sarƙe, jiki a sandare, saboda ƙazantar abin yankan cibi. Ni dai ban ga laifin tsohuwar ba. Ba ta taɓa cewa ta iya fito da ɗan da ya gicciye ba. Wannan, a wurinta, na Allah ne.

Faransawa sun kama Zinder a 1899, suka mai da ita babban birnin mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926. A 1918 suka buɗe makarantar likitanci a Dakar, da sashen horar da ungozomomi na dukan yankinsu na Afirka ta Yamma. Ba tausayi kaɗai ya kawo haka ba: mulkin mallaka na bukatar masu biyan haraji da 'yan aikin tilas da sojoji, mutuwar jarirai kuwa asara ce gare shi. Amma shiga makarantar sai yarinyar da ta yi boko, a Nijar kuwa 'yan matan da ke aji a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Don haka yawancin sajfam na farko baƙi ne, daga ƙasashe irin su Dahome da Senegal, ba su jin Hausa balle Barbarci, kuma a birane aka ajiye su. Matar Gidimuni ta ci gaba da durƙusonta har Bature ya tafi a 1960.

Dabarar da ta fara isa ƙauye a shekarun 1960 ta ɓullo, daga jihar Maraɗi. Gwamnati ta ga ba ta da ma'aikatan da za ta baza, sai ta ce kowane gari ya zaɓi tsofaffin ungozomominsa a kai su likita, a yi musu horon kwana goma zuwa sha biyar. Su ne aka raɗa wa suna matron. Kowace ta dawo da ɗan akwati: sabuwar reza, zaren ɗaure cibi, auduga, sabulu, jan magani, da maganin ɗigawa a idon jariri. An koya mata wanke hannu, da gane alamar da za ta ce a ɗauki mace a tafi. Tsarin ya bazu zuwa Zinder da sauran jihohi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa misali da shi a 1975, shekara uku kafin taron lafiya na duniya na Alma-Ata.

Reza mai tsabta ta ceci jarirai, amma ba ta tsayar da jini, ba ta maganin jijjiga, ba ta yin fiɗa. Akwatin kuma in ya ƙare, sau da yawa babu mai sake cika shi. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 masana lafiya na duniya suka sauya ra'ayi, suka ce sai dai haihuwa a hannun ƙwararre. Nijar ta bi. Makarantun horar da ma'aikatan lafiya na ENSP a Yamai da Zinder suka ci gaba da yaye sajfam 'yan ƙasa, Shugaba Tanja Mamadu ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, aka yafe kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, na awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006. A jihar Zinder ne kuma, wajen 2008, aka fara Makarantar Mazaje da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don an gane cewa mace ba ta fita likita sai da izinin mai gida da kuɗin mota.

Alƙaluma sun ɗan motsa. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna haihuwa 17 cikin 100 ce ake yi a likita. Na 2012 ya nuna 30. A tsakanin nan mutuwar mata wajen haihuwa ta sauko daga 648 zuwa 535 cikin haihuwa 100,000. Amma binciken 2012 ɗin ya ce macen jihar Zinder kan haifi 'ya'ya 8.5 a lissafi, fiye da kowace jiha. Wannan nauyin a kan sajfam yake sauka, ita da sau da yawa aikin dare da rana duk nata ne. Mata ma suna da nasu ƙorafin: tsawa, da tilasta kwanciya rigingine ga wadda uwarta da kakarta a gwiwa suka haihu, da kunyar buɗe jiki gaban yarinyar da ba ta kai 'yarta ba. Masu binciken cibiyar LASDEL a Yamai sun daɗe suna rubuta irin wannan, sun kuma nuna yadda jinkirin gwamnati wajen biyan kuɗin kyautar magani ke barin kantar likita wayam. Daga 2014 dai an raba ƙwayar misoprostol da sauran kayan tsayar da jini a faɗin ƙasar, mutuwar da zubar jini ke jawowa kuma ta ragu da fiye da rabi a asibitoci.

Tsohuwar fa? Ba ta tafi ko'ina ba, matsayi aka sauya mata: yanzu 'yar rakiya ce. Da tsakar dare za ka ga amalanken shanu ya fito daga wani ƙauyen bayan tudu, mai naƙuda a kan tabarma, miji na haska hanya da fitilar waya, matron na zaune a gefe riƙe da katin awo cikin leda. Sajfam ta auna hawan jini, ta saurari bugun zuciyar ɗa, ta duba buɗewa. In ta ga abin ya fi ƙarfinta, sai waya, a nemi mota zuwa Zinder. In an sauka lafiya, ita ce ke ɗaure cibi ta yanke da almakashi, ta yi allurar tsayar da jini, ta ce a sa jariri a nono yanzu, kada a zubar da daƙashi. Sannan ta naɗe mabiya ta miƙa wa tsohuwa, don binne ta har yau ba aikin likita ba ne. Gobe da asuba kuma, a can gida, tsohuwar ce za ta hura wutar ruwan wanka.